Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Ɓanɓaro Fistan da Ya Cije

Da zarar damina ta janye, manoman shinkafa na fadamun Argungu da Birnin Kebbi sukan fito da injinan ban ruwa, kuma da yawa daga cikinsu sai a tarar ba sa juyawa ko kaɗan. Kuskuren farko shi ne yanke hukunci cewa fistan (abin da ke hawa da sauka a cikin silindar inji) ne ya cije tun ba a bincika ba, alhali yashi da ya cushe farfelar famfo ko boris (mazaunin da sandar inji ke juyawa a kai) da ya ƙone suna iya hana inji motsi. A raba famfon da injin, a cire filogi, sannan a gwada juyawa da hannu.

Idan an tabbatar fistan ne, wajibi ne a san dalilin cijewar. Injin da aka ajiye ruwa ya shiga ta salansa, tsatsa ce ta manne ringi, wato zobban da ke kewaye da fistan, da bangon silinda. Wanda ya tsaya yana cikin aiki saboda ƙarancin baƙin mai kuwa, alminiyam ɗin fistan ne ya narke ya liƙe, kuma jiƙa shi da mai ba ya wadatarwa.

Babbar ɓarna daga gaggawa take fitowa. Wani bakanike yakan sa doguwar sifana a kan notin karanshaf (sandar da fistan ke juyawa) ya danna da ƙarfinsa, ko ya yi ta dukan kik idan babur ne, har kwanrod, wato sandar da ke haɗa fistan da karanshaf, ya lanƙwashe. Abin da ya dace shi ne a cire kan inji, a kankare tsatsar da ke saman fistan, a zuba kananzir ko man dizal haɗe da man giyar mota, a bar shi kwanaki ana ƙarawa. Mai gona zai matsa saboda shukarsa tana jiran ruwa, amma a ganina gara a faɗa masa gaskiya ya nemi aron inji, domin fistan yana da araha idan aka kwatanta da silinda da karanshaf, kuma su ake ƙoƙarin ceta.

Dukan fistan da guduma kai tsaye yana fasa samansa. A sassaƙa katako mai ƙarfi wanda faɗinsa ya kusa cika bakin silinda, a ɗora, a riƙa bugawa a hankali. Kafin haka a kwance kwanrod daga karanshaf idan injin ya ba da dama, musamman idan fistan ya tsaya a can ƙololuwa ko a can ƙasa, domin a waɗannan wurare kowane bugu a kan boris yake sauka.

Masu kunna wutar walda a kan fistan suna ƙara matsalar, saboda alminiyam yana buɗewa da zafi kusan ninki biyu na ƙarfen silinda, ga kuma haɗarin gobara ga kananzir ɗin da aka zuba. Idan za a ɗumama, silinda ake ɗumamawa daga waje, kuma tafasasshen ruwa ya isa.

Bayan fistan ya fito, kada a goge shi da samfefa a mayar da tsofaffin ringi. A auna silinda, idan tsatsa ta yi ramuka ko akwai zurfafan zane, a kai a faɗaɗa ta a sa fistan mai ƙarin girma, kamar na milimita 0.25 ko 0.50. A wanke cikin injin sarai a zuba sabon baƙin mai, tunda kananzir ɗin da aka jiƙa da shi ya riga ya gangara ƙasa ya tsinka tsohon.