Yadda za ku shirya wa baƙon makaɗin akodiyon wasa a taron ƙungiyarku

Kafin ku tsayar da rana, ku tambayi baƙon wane irin akodiyon yake kaɗawa (kayan kiɗan nan mai maɓallai a gefe biyu da zugazugi a tsakiya, da ake rungumewa a ƙirji), domin sauran shirin duk a kan amsarsa zai tsaya. Akwai mai maɓallai irin na fiyano a hannun dama. Babbansa yana da 41 a dama, da ƙananan maɓallai 120 a hagu masu ba da kakkaurar murya, kuma babu waƙar da ba zai iya bi ba. Akwai kuma ƙaramin nan wanda maɓalli ɗaya ke ba da sauti biyu, ɗaya in an ja zugazugin, wani daban in an tura. Wannan yana da zaƙi da saurin motsa ƙafa, amma a matakin murya biyu ko uku kawai yake sakewa. Idan kuna son 'yan ƙungiya su raka shi da nasu kayan kiɗan a ƙarshen taro, to ku san wannan tun da wuri, ku zaɓi waƙoƙin da kayansa zai iya ɗauka.

Maganar rakiyar nan ita ce wadda na fi ganin tana rikita taro. Mai gita yana murɗa tsirkiyarsa ya daidaita ta cikin minti ɗaya. Mai akodiyon ba shi da wannan damar. Sautinsa daga wasu siraran harsunan ƙarfe yake fitowa a cikin akwatin, waɗanda iska ke kaɗawa, kuma gyara muryarsu aikin mai gyara ne da ƙaramin magagari, a shagonsa, na kwana da kwanaki. Wasu akodiyon an saita sautinsu na A, wato sautin da makaɗa ke daidaita kayansu a kai, yana kaɗawa sau 440 a daƙiƙa, wasu sau 442, kuma kunne yana jin wannan ɗan bambancin idan aka haɗu. Saboda haka kowa shi zai bi. Ku roƙe shi ya ba ku sautin A da harshe guda ɗaya tak, sannan masu tsirkiya su daidaita a kai. Na ce harshe guda ne saboda akodiyon da yawa, musamman masu salon Faransa, ana haɗa musu harsuna biyu ko uku a sauti ɗaya, a ɗan karkata ɗaya da gangan don muryar ta riƙa rawa. Ba lalacewa ba ce, kada wani ya tashi yana ba baƙo shawarar ya kai gyara. Idan kuwa fiyanon zaurenku bai yi daidai da shi ba, ku rufe fiyanon a wannan daren, kowa ya huta.

Sai kujera. Ku nemo mai ƙarfi, marar hannu, marar taya, wadda in ya zauna tafin ƙafarsa zai taka ƙasa sosai. Kujera mai hannu tana tare gwiwar hannunsa ta hagu, alhali da ita yake jan zugazugin. Ku bar masa fili na kamar mita ɗaya ta hagu, babu tebur, babu tukunyar fure, babu mai ɗaukar hoto a tsugune. Babban akodiyon yana kai kilo 10 ko fiye, duk a kafaɗa da cinya, don haka ni na fi son a raba wasan gida biyu, minti 25 zuwa 30 kowanne, da hutu a tsakani.

Zafi abokin gabar akodiyon ne. Harsunan ƙarfen nan da kakin zuma aka manna su a mazauninsu, kuma kaki yana narkewa. Akodiyon da aka bari cikin rufaffiyar mota a rana zai iya fitowa harsunansa sun zame. In baƙo ya iso da wuri, ku fara shigar da kayan inuwa kafin a shiga gaishe-gaishe. In kuma daga sanyi mai tsanani ya fito, a bar shi cikin akwatinsa kamar rabin awa ya saba da ɗumin ɗakin, don kada raɓa ta kwanta a kan ƙarfen ta jawo tsatsa. Lokacin hutu ku sa mutum ɗaya ya tsaya kusa. Kullum sai an samu mai son ya ɗan taɓa, kuma jan zugazugi da ƙarfi ba tare da danna maɓallin iska ba yana wahalar da shi, tunda kwali ne da ƙyalle da fata.

A ƙaramin ɗaki mai mutum talatin ko arba'in, ku manta da lasifika, akodiyon yana cika ɗaki da kansa. A babban zaure ne ake buƙatar makirufo, kuma biyu ake so, domin sauti ta gefe biyu yake fita. Na dama yana tsaye wuri ɗaya. Na hagu yana tafiya yana dawowa tare da hannun makaɗin, shi ya sa ake ajiye makirufonsa a tsakiyar inda hannun ke kai-komo, ko a maƙala ƙarami a jikin kayan. Wasu makaɗa suna da nasu a ciki, waya kawai za ku ba su. Ku gwada kafin mutane su shigo. Kujerun masu sauraro kuma a jera su a gabansa kamar rabin da'ira, don wanda ya zauna can gefen hagun makaɗin kakkaurar murya zai sha, waƙar ta wuce shi.

Harkokin ƙungiya, irin su karanta rahoton taron baya da maganar kuɗin wata, ku gama su kafin ya hau, ko ku ɗage su zuwa wani zaman. Abin kunya ne a bar baƙo rungume da kilo goma yana sauraron gardamar ma'aji. Mai gabatarwa ma ya taƙaita: sunan baƙo, inda ya koyi kiɗa, irin abin da zai kaɗa. In yana son ɗan tarihi, ya isa ya ce Cyrill Demian ne ya yi rajistar kayan da wannan suna a Biyana, babban birnin Austriya, a 1829, kuma garin Castelfidardo na Italiya da kamfanin Hohner na Trossingen a Jamus sun yi suna wajen ƙera shi.

Ku ware minti goma na tambayoyi, kuma in ba wanda ya tambaya, ku roƙe shi ya riƙe sauti ɗaya ya ɗaga shi daga raɗa zuwa ƙara ya sake saukar da shi. A nan mutane ke gane cewa ƙarfin sauti da laushinsa daga hannun hagu suke, yatsu zaɓen sauti kawai suke yi. Masu son ɗaukar bidiyo su nemi izininsa tukuna. Ladan aikinsa kuwa a daidaita tun ranar gayyata, a miƙa masa a keɓe kafin ya tafi.

Idan an tashi, ku bar shi ya rufe zugazugin, ya ɗaure maɗauransa, ya saka kayan a akwati da hannunsa. Bayan nan ne za ku iya taya shi ɗauka zuwa mota.