Kurakuran da muke yi idan idon tsofaffinmu ya fara rauni

Inna, wato kakata ta wajen uba, ta kusa shekara uku tana laluben bango kafin wani a gidanmu ya ce a kai ta asibiti, kuma wlh ba rashin so ba ne, kawai kowa ya ɗauka tsufa ne, ita ma haka take cewa, "ai ido ya yi aikinsa." Da aka kai ta likita ya duba ya ce yanar ido ce, aka yi aiki bai kai minti talatin ba, washegari da aka cire bandejin ta kalle ni ta ce "kai ɗan nan ashe gemu ka tara haka." Shekara uku muka bar ta a duhu a banza.

To wannan shi ne babban kuskuren, a ce tsufa ne a zauna. Binciken makanta da aka yi a faɗin Najeriya daga 2005 zuwa 2007 ya nuna kashi 84 cikin ɗari na makantar ana iya kauce mata ko a magance ta, kuma yanar ido kaɗai ta ɗauki kusan kashi 43. Yana ana cire ta a saka wani ɗan gilashi a cikin idon, allurar kashe zafi ake yi a wajen, ba sai an sa mutum barci ba. Akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, a Kano akwai asibitin ido na ECWA da na Makka, asibitocin koyarwa ma duk suna da sashen ido. Sannan dan Allah a daina jira sai an ji sanarwar aikin ido kyauta a rediyo, in ya zo alhamdulillah, amma ido ba ya jiran sanarwa, a je a duba tukuna a san mene ne.

Dalilin da ya sa na ce a duba shi ne ba kowane dishi-dishi ne yana ba. Hawan jinin ido, wanda likitoci ke kira gilakoma, shi ba ya ciwo galibi, daga gefe yake cin gani a hankali, kuma abin da ya tafi ya tafi ba ya dawowa. Maganin ɗigawa ake ba mutum ya riƙa sawa kullum har ƙarshen rayuwa don a tsare sauran. Nan ma muna kuskure, kwalba ɗaya ta ƙare Baba ya ce bai ga canji ba sai a daina saye. Ai ba don ya ga canji ake ɗigawa ba, don kada ya rasa wanda ya rage ne. Kuma yana bin jini, in an samu Baba da shi to ku 'ya'yansa ku je a auna ku. Mai ciwon suga shi ma a duba masa bayan ido ko sau ɗaya a shekara.

Sai maganin kemis da na gargajiya. Ido ya yi ja a aika yaro ya siyo na ɗigawa, wasu akwai sinadarin sitiroyid a ciki wanda in aka daɗe ana sawa shi kansa yana ta da hawan jinin ido. Masu yawo ƙauye suna tura yanar ido ciki da tsinke kuwa, a guje su, mutum zai ga haske na kwana biyu daga baya idon ya lalace yadda likita ma ba abin da zai iya.

Amma abin da ya fi damuna shi ne wanda likita ya ce ganin ba zai dawo ba. Daga ranar sai a zaunar da tsoho a ɗaki kamar an gama da shi, ba masallaci, ba ɗaurin aure, ba majalisa, komai a yi masa har buta ba ya ɗauka da kansa, mu muna ganin gata ne alhali kaɗaici ke cinsa. A ɗaura igiya daga ƙofar ɗakinsa zuwa banɗaki ya riƙa bi. Butarsa da takalminsa da carbinsa da rediyonsa kowanne ya samu wuri guda, kar a share ɗaki a sauya musu mazauni ba a faɗa masa ba. Turmi da bokiti da kujera 'yar tsugunno a kawar daga hanya, faɗuwar tsoho karayar ƙugu ce. In ganin bai tafi duka ba a sa masa ƙwan lantarki mai haske sosai, a shafa farin fenti a bakin dakali. Magunguna a ɗaura wa na safe roba ɗaya, na dare biyu, da hannu zai gane.

In za ka yi masa jagora kar ka ja shi ta riga ko ta sanda, ka ba shi gwiwar hannunka ya riƙe, kana gaba da rabin taku, kana faɗa masa "Baba ga kwata, ga matakala biyu." In ka shigo ka yi sallama ka faɗi sunanka, a daina wasan nan na "canki ko wane ne", in za ka fita ma ka faɗa kar ya zauna yana magana shi kaɗai. A gaban likita ko a banki a bar shi ya yi bayani da bakinsa, ido ya rasa, hankalinsa da kunnensa lafiya lau. Katin ATM ɗinsa da kuɗin fanshonsa ma nasa ne, a raka shi, a karanta masa alat.

Mutane da yawa ba su san dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya da Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019 ta ba su fifiko a layi ba, don haka in kun je asibiti ko tantance 'yan fansho ku yi wa ma'aikacin magana cikin ladabi a shigar da shi gaba. Waya kuma, Android tana da TalkBack mai karanta abin da ke fuskar waya, in ya masa wuya a ɗora masa lambobin 'ya'yansa a maɓallan ƙaramar waya, 2 Yaya babba, 3 auta, a zuba masa karatun Alƙur'ani a memori. A tuntuɓi ƙungiyar makafi ta jiharku a tambayi inda ake samun farar sanda da mai koya masa tafiya da ita.