Mayar da gidan marubuci gidan tarihi a Maradi: inda aka fi yin kuskure

Idan fitaccen marubuci ko malami mawallafi ya rasu, ba a rasa masu cewa a adana gidansa. Kafin sadakar arba'in an kafa kwamiti, an tara kuɗi, an sayo fenti da allon suna. Amma abin da ke cinye irin wannan gida fenti ba ya maganinsa: rigimar gado ce, da ruwa, da gara, da rashin kuɗin tafiyar da shi wata bayan wata. Duk kwamitin da ya fara da bikin buɗewa ya fara daga wutsiya.

Gidan na wa ne?

Daga ranar da mai gida ya cika, gidan ya zama na magada. Babban ɗa ya ce "mun ba ku" a bainar jama'a, wannan bai wadatar ba, domin rabonsa kaɗai yake da iko a kai. Matar marigayi tana da tumuninta, ƴaƴa mata suna da nasu, wanda ke zaune a Kano ko Abijan shi ma yana da nasa. Ko marigayin ya bar wasiyya cewa gidan ya zama na jama'a, wasiyya ba ta wuce sulusin dukiya sai magada sun yarda. In kuma akwai marayu ƙanana, waliyyinsu ba shi da hurumin kyautar da rabonsu, sai dai a saya a biya su.

Mafita uku ce: a sayi gidan a biya kowa haƙƙinsa, ko magada baligai su yi wakafinsa, ko a yi hayarsa ta dogon lokaci, shekara 25 ko fiye. Kowacce aka zaɓa a rubuta ta gaban alƙali ko notar, kowane magaji ya sa hannu, a gyara takardar filin a ma'aikatar magajin gari, in da hali a kai ta har titir fonsiye, wato cikakkiyar takardar mallakar fili ta gwamnati. Mai karɓar gidan kuma kada ya zama mutum ɗaya, komai amanarsa, don shi ma ranar da ya rasu nasa magadan za su taso. A kafa ƙungiya mai rajista bisa dokar ƙungiyoyi ta 84-06 ta 1984, gidan ya shiga sunanta.

In Hajiya, matar marigayi, tana zaune a ciki, ba a tayar da ita. A ware zaure da ɗakin karatu da ɗakin marigayi ga baƙi, a fitar wa iyali ƙofarsu, a sa lokutan ziyara. Ita ce ma ta san a wace kujera yake rubutu da kuma wane ne a cikin kowane hoto.

Siminti a kan bangon ƙasa

Wannan shi ne kuskuren da ya fi kowanne tsada, kuma da kyakkyawar niyya ake yin sa. Bangon ƙasa yana jan danshi daga tushe da damina, yana fitar da shi ta fuskarsa. Idan aka yi masa filasta da siminti, ko aka shafe shi da fentin mai, an toshe masa mafita. Ga shi siminti da ƙasa ba sa miƙewa daidai da juna a zafin Afrilu, sai filastar ta tsage, ruwa ya shiga ta tsagar ya rasa hanyar fita. Daga waje bango sumul, daga ciki ya zama gari. A ƙwanƙwasa da ƙotar guduma: inda ya yi amo kamar ƙwaryar da aka kife, filastar ta riga ta rabu da bango.

Ana ɓamɓare ta ne da rani, tsakanin Nuwamba da Fabrairu, bango ɗaya bayan ɗaya, a bar shi ya sha iska makonni kafin a yaɓe. In gindin bango ya zaizaye, kada a buɗe shi gaba ɗaya. A gyara mita ɗaya, a tsallake mita ɗaya, sai na farko ya bushe a dawo kan wanda aka tsallake. Ƙasar yaɓe kuma a gwada ta tukuna: a yi faci uku a jikin bango, kowanne kamar santimita 40 a kan 40, ɗaya ƙasa ɗaya yashi ɗaya, ɗaya ƙasa ɗaya yashi biyu, ɗaya ƙasa biyu yashi ɗaya, a bar su mako guda. Wanda ya tsattsage laka ta yi masa yawa, wanda ke zubewa in an goga hannu yashi ya yi masa yawa. A kwaɓa da yankakkiyar ciyawa, a bar kwaɓin ya kwana kwanaki ya ruɓa, a jiƙa bango kafin a ɗora, kaurin kowane shafi kada ya wuce santimita 2. Makuba ta ɓawon ɗorawa tana ƙara wa yaɓe juriyar ruwa ba tare da ta toshe shi ba. Masu iya haɗa ta sun yi ƙaranci, don haka a nemi tsohon magini, a kuma haɗa shi da saurayi ya koya.

Akwai kishiyar wannan kuskure. Bayan ambaliyar Gulbi ta 1945 aka tayar da garin Maradi daga kwari zuwa tudu, saboda haka yawancin gidajen da ake kira tsofaffi a yau bayan wannan shekara aka gina su, kuma da yawa haɗin gambiza ne: bangon ƙasa, daɓen siminti, rufin kwano. In haka marubucin ya zauna a gidansa, haka za a bar shi. Ƙara masa zanko da zanen bango irin na Birnin Damagaram don ya burge baƙi ƙarya ce aka gina da ƙasa.

Ruwa ta sama yake shigowa, ta ƙasa kuma yake kwantawa. A kan soro, abin da aka saba shi ne kowace shekara a ƙara sabon yaɓe a kan tsoho, har nauyi ya fi ƙarfin azara ta lanƙwashe. A kankare tsohon kafin a sa sabo. A share indararo a watan Mayu, a tabbatar bakinsa ya fito daga bango aƙalla rabin mita, a jera duwatsu inda ruwan ke sauka don kada ya fantsamo gindin bango. Kan azara da ke cikin bango a soka masa basilla. In ta shige ba wuya, gara ta ci shi. Ana canza azara ɗaya bayan ɗaya bayan an tokare rufin, kuma giginya ba a sare ta sai da izinin ma'aikatan gandun daji.

A ƙasa kuwa, a duba ko titi ya fi zaure tudu, domin duk lokacin da aka zuba birji a hanya gidajen gefe suna ƙara nutsewa. Ƙasar da ke jikin bango ta gangara waje, kamar santimita 4 a kowace mita. Famfo, randa da ramin makewayi a nisanta su da bango. Furannin da ake shukawa a gindin katanga don ranar biki gayyatar gara ce, tunda kullum sai an ba su ruwa.

Takardu

Ɓarna ta farko tana faruwa ne a makon zaman makoki, lokacin da ake share ɗaki. Littattafai masu bango a ajiye su, amma tsofaffin wasiƙu, da rubutun da aka soke aka sake, da rasiɗan maɗaba'a, da littafin bashi, a kira su tarkace a ƙone. Alhali littafin da aka buga akwai shi a wasu wurare. Shafin da ya soke da hannunsa babu na biyunsa a duniya. Kafin a taɓa komai a ɗauki hoton ɗakin, kowace kusurwa, kowane kanta, har abin da ke ƙarƙashin gado. Sannan a buɗe rajista a littafi ɗinkakke wanda ba a iya cire masa shafi: lamba, bayani, inda aka samu, halin da yake ciki, wanda ya bayar. Lambar a rubuta ta da fensir mai laushi a bayan takarda, ban da biro.

Rubutun ajami da na Larabci na gargajiya ba a ɗinka shi, ganye-ganye ne a cikin tadarishi ko gafaka, kuma sau da yawa babu lambar shafi sai kalmar da ke ƙasa wadda ke nuna farkon shafi na gaba. Kada kowa ya ce zai jera su. A sa musu lamba yadda aka same su, jerawa aikin malamin da ya san littafin ne. Tawadar gida ta ƙaro kuma ruwa na narkar da ita, ko yatsa mai gumi yana iya share layi.

Manna wa takarda leda da injin zafi ba adanawa ba ce, domin zafin da gam ɗin suna shiga jikinta kuma ba a iya warwarewa. Salatif yana barin tabo ruwan ƙasa, ƙarfen maƙala takarda yana tsatsa ya huda ta. Fesa maganin ƙwari kai tsaye yana barin mai a shafi, yana kuma cutar da mai karatu. Shanya littattafai a rana yana sa su ƙeƙashe. In an ga ƙwaro a littafi, a sa shi a leda mai kauri, a fitar da iska, a ɗaure sosai, a sa a firiza mai kai digiri 20 ƙasa da sifiri na tsawon mako guda cur. In wuta ta ɗauke har ya narke, lissafi ya koma farko. Bayan an fito da shi a bar shi cikin ledar kwana ɗaya kafin a kwance, don raɓa ta kwanta a kan leda maimakon takarda. Kaset ba ya shiga firiza.

Kanta ta ƙarfe ta fi ta katako. A ɗaga ta santimita 15 daga ƙasa, a janye ta santimita 10 daga bango, yadda mai shara zai ga hanyar gara tun tana siririya. Na'urar sanyaya ɗaki da ke kunnuwa tana mutuwa tare da wuta ta fi rashinta illa, domin hawa da saukar danshi ne ke gajiyar da takarda. Ɗakin ƙasa mai kauri da ke can ciki ya fi. A rataya ƙaramin ma'aunin danshi: in ya zauna sama da kashi 65 cikin 100 a watan Agusta, fumfuna na tafe, sai a buɗe iska da rana a kunna fanka. Da hunturu kuma ƙura ce abokiyar gaba, a rufe komai cikin kwali.

Abin da baƙi za su gani a gilashi kwafi ne. In dole a fito da na asali, wata uku ya isa, nesa da taga. A ɗauki hoton kowane shafi da ƙarfin digo 300 zuwa 400 a kowane inci, a yi kwafi uku, ɗaya a wani gari. Sashen rubuce-rubucen Larabci da ajami na cibiyar binciken ilimin ɗan Adam ta IRSH a Yamai da gidan tarihi na ƙasa na Bubu Hama wurare ne na neman shawara. A kuma tuna cewa mallakar takarda daban, haƙƙin buga ta daban. Wannan yana hannun magada sai sun rubuta sun bayar, kuma BNDA, hukumar kare haƙƙin marubuta da masu fasaha ta Nijar, ita ce ke kula da shi.

Kuɗi

Kwamitoci suna lissafin kuɗin gyara, su manta da na kowane wata. Mafi ƙarancin albashi a Nijar jika 42 ne a wata, wato sefa dubu 42, tun 2024. A ce mai gadi ɗaya da mai kula da baƙi ɗaya, ga jika 84 kafin wuta da ruwa da yaɓen shekara. A ce kuma baƙi 30 ne a mako, kowa ya biya sefa 200: jika 24 ke nan a wata, kuma ƴan lakwal, waɗanda su ne mafi yawa, ba za a tsawwala musu ba. Tikiti ba zai riƙe gidan ba.

Tallafin waje ma ba zai riƙe shi ba. Shirin ɗakin karatu na Birtaniya na ceto takardun da ke cikin haɗari, da asusun jakadun Amurka na adana kayan tarihi da aka fara a 2001, da gidauniyar ALIPH ta kare kayan tarihi a yankunan rikici da ke Janeba, duk aiki mai farko da ƙarshe suke biya wa, ba albashin mai gadi ba, kuma buɗuwarsu tana bin yanayin siyasa. Shigar da gida cikin jerin kayan tarihi bisa doka ta 97-022 ta 30 ga Yuni 1997 kariya ce daga rushewa, amma tana nufin ba za a sake masa fasali ba sai da izini, kuma ba alkawarin kuɗi ba ce.

Abin da ya fi dacewa da Maradi shi ne wakafi mai kawo haya. Alhazan garin sun saba gina masallaci da makaranta, roƙon ne ba a iya tsarawa. Maimakon a karɓi buhun siminti 50, a ce: "Baba Alhaji, shago biyu muke roƙo a bakin kasuwa, hayarsu ta riƙa biyan mai gadi da magini, ladan yana gudana." Shagunan su kasance a wani fili daban, kada a fasa katangar gidan don su. Kuɗin su shiga asusun banki da ba a cire komai sai da sa hannun mutum biyu cikin uku, a ware na yaɓe tun Afrilu, a liƙa lissafin shekara a zaure kowa ya gani.

Jingina da babbar makaranta yana taimakawa. Gidan Mambayya na Malam Aminu Kano yana ƙarƙashin Jami'ar Bayero, Arewa House ta Kaduna tana ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. A Maradi akwai Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, wadda ɗalibanta za su iya aikin rajista da ɗaukar hoto. Yarjejeniyar dai ta fayyace wa ke biyan me, ta kuma ce takardun asali ba sa barin gidan.

Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ake fara karyawa, kuma manya ne ke karya shi: wani babba ya ce a ba shi aron rubutun hannu zai duba ya dawo da shi, mai kula ya ji nauyin hana shi. A rubuta dokar a bango tun ranar farko don mai kula ya samu abin nunawa. Makullin ɗakin ajiya su zama biyu a hannun mutum biyu, a kuma ƙirga kayan da rajista a hannu sau ɗaya a shekara, bayan damina.