Yadda Ake Sa Wa Masara Yuriya a Gonar da Ba a Huɗa Ba

A wajajen Kumo da Billiri a jihar Gombe manoma da yawa sun koma feshe ciyawa su shuka masara kai tsaye, ba garma ba huɗa. Dabara ce mai kyau, ƙasa tana riƙe danshi, kuɗin shanun huɗa ya zauna a aljihu. Amma duk damina sai na ga wanda ya sayi yuriya da tsadarta, ya watsa ta kan kara da matacciyar ciyawa kamar mai ba kaji tsaba, daga baya ya ce takin bana jabu ne.

Takin lafiyarsa ƙalau. Buhu mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 na naitirojin, sinadarin da ke sa ganye ya yi kore, kashi 46 cikin 100 ke nan. In ƙwayar ta kwana kan shara mai raɓa, rana ta buɗe, sai ta narke ta zama iskar amoniya ta tashi. Irin zarnin nan mai hawa kai da kake ji a turken awaki, shi ne kuɗinka yake bin iska. Kuma kara ya fi tsurar ƙasa saurin jawo haka.

Don haka binnewa ake yi. Ka ture sharar da ƙafa har ka ga ƙasa. Soka sanda mai tsini, zurfin santimita 5, tazarar yatsu huɗu daga gindin masara, kada takin ya ƙona saiwa. Zuba murfin kwalbar lemo ɗaya, ka take da diddige. A rufe fa! A nan na sha kashi. Wata shekara na biya yara bisa yawan buhun da suka zuba, suka yi ta gudu suna barin ramuka a buɗe, kafin masara ta yi goyo ganyen ƙasa duk ya koma rawaya. Yanzu kuɗin yini nake biya, ina bin bayansu layi-layi.

Kada ka juye takin duka lokaci guda. Kamfa, wato takin NPK, cikin sati biyu da shuka, kuma kar ka yi wa masara rowarta, don ruɓewar kara ma tana cin naitirojin. Yuriya sati biyar zuwa shida, masara ta kai gwiwa. A jigawa ka raba yuriyar biyu, ruwan Agusta yana wanke ta ta wuce saiwa. In ruwa ya kwanta a gonar, jira ya tsane.