Yadda unguwa za ta hana 'yan ta'adda ɗauke mata yaro

Daga Alƙa'ida zuwa ISIS zuwa Boko Haram, babu ƙungiyar da ke ɗorewa ba tare da sababbin yara ba. Makami sayensa ake yi, kuɗi kuma ana tara su ta fansa da harajin dole, amma mai riƙe bindigar daga gidan wani aka ɗauko shi. Ni malamin Islamiyya ne a nan Gombe, don haka a wannan gaɓar zan tsaya, inda hannun mutanen unguwa ke kaiwa.

Manyan musabbaban sun fi ƙarfinmu. Amurka ta mamaye Iraƙi a 2003 ta rusa rundunar sojan ƙasar, daga wannan yamutsi ISIS ta taso har ta kama Mosul a 2014. Faɗuwar Gaddafi a 2011 ta kwararo makamai cikin Sahel, a 2012 arewacin Mali ya faɗa hannun masu bindiga. Cutar kuma ba ta ƙabila ɗaya ko addini ɗaya ba ce: Bature ne ya kashe mutum 51 a masallatai biyu a Niwzilan a 2019, bayan ya ƙoshi da ƙiyayya a intanet. Mu ma mun ɗanɗana, tun rikicin Maitatsine a Pantami a 1985, zuwa harin ofishin 'yan sanda na Dutsen Tanshi a Bauchi a Yulin 2009, zuwa bam ɗin tashar Dukku a 2014.

A fara da karatu. A 2017 hukumar UNDP ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta tattauna da ɗaruruwan waɗanda suka taɓa shiga irin waɗannan ƙungiyoyi a Afirka, fiye da rabinsu suka ce ba su fahimci nassin addinin da suke yaƙi da sunansa ba, ko kuma kaɗan suka fahimta. Yaron da ya yi hadda bai san ma'ana ba, shi ake yanko wa aya ɗaya a ɓoye masa ta gabanta da ta bayanta. Don haka kwamitin makaranta ya ware darasin fassara da sira ga 'yan ajin sama, kuma malami ya bar ƙofar tambaya a buɗe. In ɗalibi ya ce, “Malam, wai aikin gwamnati kafirci ne?” kada a daka masa tsawa. Tsawar ce ke tura shi wurin wanda zai amsa masa da dare a Telegram. A ɗauko littafi a zauna. Marigayi Sheikh Ja'afar Mahmud Adam da marigayi Albanin Zariya da hujja suka warware da'awar Muhammad Yusuf, jagoran Boko Haram na farko, kuma karatuttukansu na nan a wayoyin mutane, a saka wa yara su ji.

Sai alamomi, inda iyaye da yawa ke kuskure. Gemu da ɗage wando da yawan zuwa masallaci ba alamar komai ba ne, kada a tsangwami yaro a kansu. Abin dubawa shi ne ranar da ya daina bin limamin da ya tashi yana bi, ya ce sallarsa ba ta yi ba. Ko ya ƙi cin yankan mahaifinsa, ko ya fara kafirta yayarsa don tana aikin asibitin gwamnati, ko ya ce zai yaga takardar shaidar makarantarsa, kamar yadda wasu almajiran Yusuf suka yi. Ƙara da sabuwar waya da kuɗin da ba a san tushensu ba, da abokan da ba sa shigowa zaure su gaisa.

In an ga haka, duka da kora su ne mafi munin mataki, domin abin da mai zuga shi ke jira ke nan ya ce, “Ka gani? Ai na faɗa maka ba naka ba ne.” A nemo wanda yaron ke jin nauyinsa, kawu ko tsohon malaminsa na allo, ya kira shi gefe bayan isha'i, ba a gaban ƙannensa ba. Ya ce, “Ɗana, zauna. Wa ya karantar da kai wannan? A wane littafi? Kawo mu duba tare.” Ya bar shi ya zazzage cikinsa tukuna. Sau da yawa za a tarar ba mas'alar fiƙihu ke cinsa ba, wani wulaƙanci ne da aka yi masa a shingen bincike, ko zaman banza bayan ya gama makaranta. Zama ɗaya ba ya isa, kuma uwa ta san halin da ake ciki, don ita ke ganin lokacin da yake shigowa.

Maganar kuɗi kuwa, ƙungiyar Mercy Corps ta nuna a 2016 cewa Boko Haram ta riƙa bai wa matasa rancen jari, daga baya ta zo karɓar biya da jikinsu. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Saboda haka unguwa ta riga su. Asusun masallaci da muke ƙararwa a tayil da fanka, a cire wani kaso a kai yaro wurin mai walda ko tela ko mai gyaran waya, a biya kuɗin koyo, a saya masa kayan aiki. 'Yan kasuwar unguwa su sa samari cikin adashe. A ganina wannan ya fi taron wayar da kai a otal amfani nesa ba kusa ba.

In abu ya kai ga makami ko baƙin da ke taro a ɓoye, ya wuce nasiha. A sanar da mai unguwa, shi ya kai wa hakimi da DPO, kuma dattijo biyu su raka maganar don a san inda aka kai yaron. 'Yan banga kada su taɓa kowa. A wancan binciken na UNDP, kashi 71 cikin 100 sun ce abin da ya ingiza su a ƙarshe shi ne wani abu da hukuma ta yi, kamar kashe ɗan'uwa ko kama aboki. Mun kuma ga abin da ya biyo bayan kashe Yusuf a hannun 'yan sanda a 2009. Masu gidajen haya su san wanda suka ba ɗaki, amma kada a mai da 'yan gudun hijirar Borno da Yobe abin zargi, su ne abin ya fara ci.

Saura tubabbun 'yan Boko Haram masu dawowa daga sansanin gyaran hali na Malam Sidi, a ƙaramar hukumar Kwami. Wannan akwai ɗaci, kuma wanda aka kashe wa uba yana da haƙƙin ya ƙi gaisawa da su, kada a tilasta masa yafiya. Amma in aka kawo wani unguwarku, mai unguwa ya fara zama da iyalan da aka cuta kafin ya iso, a sama masa mai tsaya masa da uban gida a sana'a, liman kuma ya riƙa ganinsa duk mako. In ya yi kwana biyu ba a gan shi a shago ba, uban gidan ya kira mai unguwa a ranar.