Yadda Ake Kiwon Baji a Sakkwato, Daga Haɗa Biyu Zuwa Ranar Nuni

Baji ƙaramin tsuntsu ne daga dangin aku, ɗan uwan tsiryar da muka sani, kuma asalinsa daga busassun filayen tsakiyar Ostireliya ne, inda yake yawo garke-garke yana cin irin ciyawa. A daji launinsa kore ne da rawaya, tsawonsa kimanin santimita 18, nauyinsa kuma tsakanin giram 30 zuwa 40. Wani Bature masanin tsuntsaye mai suna John Gould ne ya kai shi Ingila a 1840, daga nan masu kiwo suka yi ta zaɓe da haɗi har aka samu shuɗi da fari da rawaya da ruwan toka, aka kuma kafa masa ƙungiya ta musamman a Ingila a 1925. Wanda ya taɓa kiwon tattabara ko kanari ba zai ga baƙon abu sosai a nan ba, sai dai baji yana da wata ɗabi'a da ke yaudarar sabon mai kiwo, wato duk lokacin da ya ga akwatin sheƙa da abinci zai yi ƙwai, ko da lokacin bai dace ba. Saboda haka aikin mai kiwo a garin nan shi ne ya riƙe linzami, ya zaɓi wanda zai haɗa da wa, da watan da za a haɗa su, ya kuma rubuta abin da ya biyo baya.

A fara da mazauni kafin a sayi tsuntsu ko ɗaya. Kejin da za a sa namiji da mace don haihuwa kada ya gaza santimita 60 a tsawo da 40 a faɗi da 40 a tsaye, tazarar wayoyinsa kuma kada ta wuce milimita 12, domin baji yana iya cusa kansa ya maƙale. Tsawon keji ya fi tsayinsa amfani, saboda tsuntsun a kwance yake tashi daga sanda zuwa sanda. Ban da waɗannan ƙananan kejuna, ana bukatar babba guda na shawagi inda samari da masu hutu za su zauna. Wurin da za a ajiye su shi ne ya fi komai muhimmanci a Sakkwato: inuwar dalbejiya ko rumfar zana mai iska, nesa da madafa da janareta, kuma ba a ƙarƙashin kwanon da babu silin ba. A ɗaga kejin daga ƙasa, a tsoma ƙafafunsa cikin gwangwanayen ruwa saboda cinnaka, a kuma rufe shi da raga mai ƙananan ido, domin ɓera da kyanwa da maciji duk suna da rabo a gidan da aka yi sakaci. Hayaƙin maganin sauro da feshin ƙwari suna kashe baji cikin ɗan lokaci, don haka ɗakin da ake kunna su ba ɗakin tsuntsu ba ne.

Wajen saye, a tsaya nesa kaɗan a kalli tsuntsun kafin mai sayarwa ya motsa kejin. Lafiyayye yana tsaye cak a kan sanda, gashinsa a kwance, idonsa a buɗe, ƙarƙashin jelarsa babu kashi a manne. Ana gane jinsi da fatar da ke saman baki, inda ƙofofin hanci suke: ta baligin namiji shuɗiya ce, ta mace fari-fari ce, idan kuma ta shirya haihuwa sai ta koma ruwan ƙasa mai kaushi. Namijin da yake rawaya zalla ko fari zalla mai jan ido bai bin wannan ƙa'ida, tasa ruwan hoda take zama har tsufansa, kuma nan ne mutane da yawa suke sayen maza biyu suna jiran ƙwai. Ɗan tsuntsun da bai wuce wata uku ko huɗu ba yana da baƙaƙen layuka a goshi har zuwa hanci. Duk sabon da aka kawo gida a keɓe shi kwana 30 kafin ya haɗu da na gida, ko da daga hannun amini ya fito.

Abinci a nan yana da sauƙi, tun da muna ƙasar gero. Gero shi ne ginshiƙi, a gauraya shi da acca da irin kanari idan an samu, a kuma rataya musu zangarniya sukutum, wadda suke so ƙwarai kuma take koya wa ƙanana cin abinci da kansu. Ni na fi son sayen geron shekara da kaka daga hannun manomin da na sani, saboda hatsin da ya daɗe a sito sau da yawa an sa masa maganin ƙwari, kuma abin da ba zai yi wa mutum komai ba yana iya kayar da tsuntsu mai giram 35. Hatsi kaɗai bai isa ba. A ba su ganyen zogale da alayyafo da latas da karas da aka goge, bayan an wanke su sarai, sannan a ajiye musu dakakken ɓawon ƙwai da aka tafasa domin ƙarfin ƙashi da na ƙwai. A lokacin ciyar da ƙanana a ƙara dafaffen ƙwai da aka marmasa, a kwashe ragowarsa bayan awa biyu kafin ya lalace. Fiya guba ce gare su, albasa ma, duk da yawanta a kasuwanninmu, ba abincinsu ba ce. Akwai kuma wani abu ƙarami da ke kashe tsuntsaye da yunwa a gaban kwano cike: baji yana ɓare ƙwaya ya bar ɓawon a sama, sai mai shi ya leƙa ya ga kamar abinci bai taɓu ba. Kowace safiya a ɗauki kwanon a hura, za a ga ƙaiƙayin ya tashi, a ga ainihin abin da ya rage.

Batun lokacin haɗi shi ne inda na sha wuya kafin na gane. A shekarata ta farko na bar akwatuna a manne har cikin Afrilu, a wani ɗaki mai rufin kwano, domin ina ganin ƙwai na zuwa kuma ina murna. Wata rana bayan azahar na buɗe akwati na tarar da uwar ta buɗe baki tana haki, fukafukanta a ware daga jikinta, ƙananan nan huɗu kuma, waɗanda ko gashi ba su fara ba, sun riga sun mutu. Daga Maris zuwa Mayu zafin garin nan yana haura digiri 40, kuma cikin akwatin katako ya fi waje zafi. Tun daga ranar nake haɗa tsuntsayena a farkon Nuwamba, in cire akwatuna a farkon Maris, abin da yake ba kowace mace damar zagaye biyu, kuma zagaye biyun sun ishe ta a shekara. Hunturu ma yana da nasa sharaɗi. A kare ɓangaren arewa maso gabas da zana ko buhu saboda iska da ƙura, sannan a riƙa sa wa mace kwanon wanka marar zurfi, domin bushewar iska tana sa ɗan tsuntsu ya maƙale a cikin ƙwai, damshin da uwa take komawa da shi a gashinta kuwa yana taimakawa. Da bazara aikin duka na sanyaya ne: ruwan sha daga randa sau biyu a rana, jiƙaƙƙen buhun algarara a kan kejin, da ɗan feshin ruwa da rana tsaka.

Kada a haɗa tsuntsun da bai kai wata goma zuwa shekara ba, musamman mace, saboda ƙarama ce ƙwai ya fi maƙale wa. Akwatin ya zama na katako mai ƙofa kimanin santimita 5, a kuma fafe tsakiyar daɓensa kamar ƙaramar ƙwarya, domin ƙwai su taru wuri guda kuma ƙafafun ƙanana kada su baje. Mace takan yi ƙwai huɗu zuwa shida, tana tsallake kwana ɗaya tsakanin kowane biyu, kowane ƙwai kuma yana ƙyanƙyashewa bayan kwana 18 na kwanci. Wannan ne ya sa ake ganin babba da ƙarami a akwati ɗaya. Bayan mako guda ana iya haska ƙwai da fitilar waya, mai ɗa zai nuna jajayen jijiyoyi, fanko kuma zai fito fayau. Namiji ne yake ciyar da mace, ita kuma ta ciyar da ƙananan, waɗanda suke fitowa daga akwati suna da kamar mako biyar, a raba su da iyaye a mako na shida idan an tabbatar suna ɓare ƙwaya da kansu.

Zobe shi ne abin da ya raba mai kiwo da mai tara tsuntsaye. Rufaffen zobe ne na ƙarfe marar nauyi, mai ɗauke da lambar mai kiwo da shekara da lambar tsuntsu, kuma ana sa shi ne ɗan yana da kamar mako guda, domin idan ƙafa ta girma ba zai shiga ba. Ana haɗa dogayen yatsu uku a zura su, a tura zoben sama, sannan a zaro ƙaramin yatsan baya da tsinken ashana a hankali. A littafi kuma a rubuta lambar uba da ta uwa, ranar kowane ƙwai, ranar ƙyanƙyasa da launin da ya fito. Amfanin rubutun yana bayyana ne wajen launi. Kore yana rinjayar shuɗi, saboda haka tsantsar kore da shuɗi za su haifi kore duka, amma kowane ɗa yana ɗauke da shuɗi a ɓoye, kuma idan aka haɗa irin waɗannan biyu, kimanin ɗaya cikin huɗu na 'ya'yansu zai fito shuɗi. Shuɗi da shuɗi ba sa haifar kore. Rawaya mai jan ido kuwa ta hanyar jinsi take bi: idan uban ne mai ita, uwar kuma koriya ce, duk 'ya'ya mata za su fito rawaya, maza su fito kore suna ɗauke da ita, har mutum ya san jinsin ɗan tun yana cikin akwati. Wanda bai rubuta ba, cikin shekara biyu zai haɗa wa da ƙanwa bai sani ba, ya ga tsuntsayensa suna ƙanƙancewa.

Cutar da aka fi gani ita ce wani farin ɓamɓaroki a baki da hanci da ƙafa, wanda wani ƙaramin ƙwaro ke haddasawa, kuma tana jin maganin ivermectin, amma likitan dabbobi ne zai auna shi, domin ɗigon da ya dace da akuya ajalin baji ne. Jami'ar Usmanu Danfodiyo tana da asibitin koyarwa na dabbobi a cikin gari, kuma zuwa can ya fi jiƙa kafso a ruwan sha bisa shawarar maƙwabci. Tsuntsun da ya kumbura gashi ya zauna a ƙasan keji a ware shi nan take. Akwai ciwon dangin aku da mutum ke iya ɗauka ta ƙurar busasshen kashi, don haka a yayyafa ruwa kafin shara, a kuma wanke hannu bayanta.

Idan masu kiwo biyar ko shida suka haɗu, sun isa ƙungiya. Abin da za su fara yi shi ne ba kowa lambarsa, su yi odar zobba tare, su sayi hatsi tare da kaka, su riƙa musayar maza domin sabunta jini, su kuma naɗa magatakarda mai riƙe babban littafi. A ganina lokacin da ya fi dacewa a nan da nuni, wato gasar da ake baje tsuntsaye alƙali ya zaɓi mafi kyau, shi ne ƙarshen damina, wajen Satumba, lokacin da 'ya'yan hunturu suka gama sauya gashi, kuma sakamakon zai taimaka wa kowa wajen zaɓen waɗanda zai haɗa a Nuwamba. Ma'aunin masu nuni na Ingila yana neman tsuntsu mai tsawon santimita 21.6, mai faɗin kai da cikar goshi, mai tsayuwa a ɗan karkace ba tare da fukafukai sun gitta juna ba, da baƙaƙen ɗigo shida a maƙogwaro, biyun gefe a ɗan ɓoye ƙarƙashin tabon kumatu. Yawancin bajin da ke hannunmu ƙananan iri ne, kuma rashin adalci ne a gwada su da wancan ma'auni, saboda haka a ware musu ajinsu, a duba lafiya da tsabtar gashi da kyan launi da natsuwa. A raba maza da mata, a raba 'yan bana da manya, zobe ne kuma shaidar cewa mutum shi ya haifar da tsuntsun a gidansa.

Shirin nuni yana farawa wata biyu kafin ranar, domin gashin jela ko na fiffike da ya karye yana ɗaukar mako shida zuwa takwas kafin sabo ya cika, don haka tun lokacin ake cire shi. A riƙa sa tsuntsun a kejin nuni na ɗan lokaci kowace rana, a wurin da mutane ke wucewa, har ya saba tsayawa a sanda maimakon faɗawa kusurwa. Kejunan su zama iri ɗaya, baƙi a waje fari a ciki, da lamba kawai ba suna, kuma alƙali kada ya kasance yana da tsuntsu a ajin da yake dubawa, domin zumunci ya fi lalacewa a wannan gaɓa. Ana fesa wa tsuntsu ruwa mai ɗumi sau biyu ko uku a mako don gashi ya kwanta, a dakata kwana biyu kafin nuni. A yi taron da safe a inuwa, a tashi kafin azahar, kuma duk tsuntsun da ya dawo daga nuni a keɓe shi mako biyu tukuna, domin ya shaƙi iska ɗaya da tsuntsayen gidaje da yawa.