Darasi Na Bakwai: Wanka A Bakin Teku

Wanda ya saba da kogi ko tafki, ranar da ya fara ganin teku yakan ɗauka ruwa duk ɗaya ne. Kogi hanya ɗaya yake bi, kana ganin inda ya dosa. Teku kuwa yana zuwa yana komawa, yana cika yana janyewa, kuma wurin da ka tsaya lafiya da safe yana iya shanye ka da yamma.

Idan aka ce haɗarin teku, yawancin mutane shak, wato babban kifin teku mai kaifin haƙora, shi ke faɗo musu a rai. Amma a yawancin shekaru, waɗanda shak ke kashewa a duk duniya ba su wuce mutum goma ba. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ce kusan mutum 300,000 ne suka nutse suka mutu a shekarar 2021, a teku da koguna da sauran ruwaye. Saboda haka da ruwan kansa za mu fara.

Ruwa mai ja

Raƙuman ruwa suna turo ruwa zuwa gaɓa ba dare ba rana. Wannan ruwa dole ya koma inda ya fito. Sai ya nemi wata 'yar kafa tsakanin tudun yashin da ke ƙarƙashi, ya taru, ya bi ta nan da gudu zuwa cikin teku. Kamar ƙaramin kogi ne a cikin teku. Shi muke kira ruwa mai ja. Gudunsa yana iya haura mita 2 a daƙiƙa ɗaya, har gwanayen ninkaya na gasar Olamfik ba sa iya cin ƙarfinsa. A Amurka, fiye da kashi 80 cikin 100 na mutanen da masu ceto ke tsamowa a gaɓar da ke da raƙuman ruwa, wannan ruwa ne ya ɗauke su.

Abin da ya fi tayar mini da hankali game da shi, kamarsa ta yaudara ce. Dama da hagu raƙuman ruwa suna fashewa da farin kumfa, a tsakiya kuma ga wani wuri lumui, ruwan ya fi duhu, ba hayaniya. Baƙo sai ya ce, "Ga inda ya fi lafiya," har ya kai 'ya'yansa can. Alhali nan ne bakin ramin. Kafin ka tsoma ƙafa, hau wuri mai tudu ka yi minti biyar kana kallo. Idan ka ga kumfa ko ciyawar ruwa ko yashi suna tafiya cikin teku maimakon su zo gaɓa, ka nisanci wurin. Ka kuma guji gefen duwatsu da gadar jiragen ruwa, domin ruwa mai ja yana yawan zama a nan.

To idan ya riga ya ɗauke ka fa? Ka riƙe wannan da kyau: nesa da gaɓa yake kai mutum, ba ya danna shi ƙasa. Gajiya da firgita su ke kisa. Mutum ya ga gaɓa tana nisa, sai ya juya ya yi ta kokawa da ruwa har ƙarfinsa ya ƙare. Kada ka yi haka. Ka kwanta rigingine, ka buɗe hannuwa da ƙafafu, ka bar ruwa ya ɗauke nauyinka har numfashinka ya daidaita. Ɗaga hannu ɗaya, ka yi ihu. In kana da ƙarfi, yi iyo ta gefe, dama ko hagu, kana bin tsawon gaɓa. Sau da yawa faɗinsa bai wuce mita 25 ba. Da ka fita daga cikinsa, raƙuman ruwa za su taimaka su turo ka waje. Abin da ake nufi ke nan da iya ruwa fidda kai.

Idan wani ka hango a ciki, kada ka faɗa haka kawai. Mutane da yawa sun mutu wajen ceton 'yan'uwansu. Kira masu ceto, ka jefa masa abin da ke yawo a kan ruwa, ko da jarka ce marar komai mai murfi. Ka sani kuma, mai nutsewa ba kasafai yake iya ihu ba. Shiru yake yi, kansa yana sama yana ƙasa. Don haka ƙaramin yaro kada ya wuce inda hannunka zai kai.

Tuta, cikar ruwa da yanayin sama

A ƙasashe da yawa, kamar Ostareliya da Ingila, ana kafa tutoci biyu masu launin ja da rawaya. Tsakaninsu ake wanka, nan masu ceto ke sa ido. Jar tuta zalla tana nufin kada a shiga. Kada ka shiga kai kaɗai, ko da dare, ko bayan shan abin da ke gusar da hankali.

A yawancin gaɓoɓi teku yana cika sau biyu, ya janye sau biyu a yini da dare, kimanin awa shida tsakani. Jan wata da rana ke kawo haka. Tambayi lokacin cikarsa kafin ka taka zuwa wani dutse ko tudun yashi, kada ruwa ya tare maka hanya. Amma idan teku ya janye farat ɗaya, ya yi nisan da ba a saba gani ba, ko ƙasa ta girgiza, gudu za ka yi zuwa tudu. Haka aka gani a wurare da dama ranar 26 ga Disamba, 2004, kafin ambaliyar tsunami ta Tekun Indiya, wadda ta kashe fiye da mutum 200,000.

Da ka ji tsawa, fita daga ruwa ka shiga gini ko mota. Sai an yi minti 30 ba a ƙara jin ta ba za ka koma. Rana kuma tana ƙuna ko kana cikin ruwa, musamman daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma. Sha ruwa, nemi inuwa.

Halittun ruwa

Jelifish wata halitta ce mai taushi, siffarta kamar laima, da zaruruwa masu dafi. Ko ta mutu a kan yashi tana harbi, kada yara su taɓa. Idan ta harbe ka, wanke wurin da ruwan teku, domin ruwan daɗi yana ƙara tayar da dafin. Kada ka murza, kada ka zuba fitsari. Cire zaruruwan, sannan ka jiƙa wurin a ruwa mai zafin da fata za ta iya jurewa, kamar minti 20. A arewacin Ostareliya akwai wata iri mai kisa cikin mintoci, shi ya sa ake ajiye ruwan khal, wato ruwan tsamin da ake kira binega, a gaɓa don zubawa a kan harbinta. Duk wanda numfashi ya yi wa wuya, ko ƙirji ya riƙe, a garzaya da shi asibiti.

Akwai kuma sitinre, kifi faffaɗa kamar faifai, mai ƙaya a wutsiya. Yakan binne kansa a yashi, sai an taka shi yake suka. Riƙa jan ƙafa a ƙasa yayin tafiya cikin ruwa, zai ji motsi ya gudu. Takalmin roba yana kare ƙafa daga bushiyar teku a kan duwatsu. Shak kuwa, a guji ruwa da asuba da magariba, da inda ake kamun kifi, da ruwa mai gurɓata. Inda kogi ke shiga teku a ƙasashe masu zafi, a yi hattara da kada.

Aikin aji

Yaya za ka gane ruwa mai ja daga gaɓa? Tashi ka nuna wa 'yan aji yadda za ka kwanta da inda za ka dosa idan ya ɗauke ka. Sannan rubuta waɗannan kalmomi a littafinka: teku, gaɓa, tuta, ceto, dafi.